Hular hana-sallah mai NY: su wane ne 'yan wasan da suka yi mata suna?

Mai Gwanjo, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata sayar da riguna da huluna na gwanjo a babbar kasuwar Garwa, kuma da wuya in kwance dila ban tarar da hana-sallar nan mai harafin N da Y a sarƙe ba, wadda samari suke rububinta tun kafin in gama kakkaɓe ta. Shekara da shekaru na ɗauka tambarin wani kamfanin ɗinki ne, sai ranar Juma'ar da ta wuce wani ɗan makaranta ya ce mini, "Baba, ai wannan alamar ƙungiyar wasan besbol ce da ake kira Yankees." Kunya ta kama ni, domin bai dace mutum ya ci abinci da kaya bai san asalinsu ba. Ina roƙon masana su faɗa mini 'yan wasan da suka ɗaga wannan ƙungiya a da, da yadda wasansu ya kasance, da kuma wanda ya cancanci a sa a gaba, kamar yadda a nan idan aka ambaci Kamaru sai a ambaci Roger Milla.

Tsohon Malami, Marwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron ya faɗi gaskiya. Ƙungiyar tana unguwar Bronx a birnin New York, kuma ta ci kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, sau 27, abin da babu wata ƙungiya da ta ko kusanto shi. A wasan, mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana tare ta da kulki, kuma idan ya buga ta ta tsallake katangar fili, wannan shi ne hom ron, bugun da ya fi kowane daraja.

Labarin ya fara ne da Babe Ruth. Shi da farko mai jifa ne, bahago, a ƙungiyar Boston Red Sox, sai mai ƙungiyar ya sayar da shi ga Yankees a ƙarshen 1919 a kan dala 100,000, a lokacin da Yankees ba su taɓa cin kofi ko ɗaya ba. A 1920 ya buga hom ron 54, wato shi kaɗai ya fi abin da kowace ɗaya daga sauran ƙungiyoyin rukuninsu na American League ta tara da 'yan wasanta duka, a 1927 ya kai 60, kuma ya bar wasa da 714. Jama'ar da yake jawowa ce ta sa aka buɗe sabon filin wasa a 1923, shekarar da suka ɗauki kofinsu na farko. Boston kuwa, daga 1918 ba ta sake cin kofi ba sai 2004, shekara 86 ke nan, har magoya bayanta suka riƙa cewa alhakin Ruth ne yake bin su.

Amma ni, Alhaji, zuciyata tana wurin Lou Gehrig, wanda yake shiga bugu bayan Ruth. Daga 1925 zuwa 1939 ya buga wasa 2,130 a jere bai yi fashin ko ɗaya ba, da zazzaɓi da karayar yatsu duk yana fita, kuma wanda ya yi aikin koyarwa ya san abin da ake nufi da shekara 14 babu fashi. A watan Mayun 1939 shi da kansa ya roƙi a cire shi, domin ƙafafunsa da hannayensa sun daina yi masa biyayya, sai likitoci suka gano cutar da ke shanye jijiyoyi, wadda har yau a Amurka da sunansa ake kiranta. Ranar 4 ga Yulin shekarar ya tsaya gaban 'yan kallo ya ce yana ganin babu wanda ya kai shi sa'a a doron ƙasa. Ya rasu a 1941 yana da shekara 37, kuma lambarsa, 4, ita ce ta farko da aka jingine a manyan ƙungiyoyin besbol don kada wani ya sake sa ta.

Ɗan Njamena:

Allah ya ƙara wa Malam sani, amma da izininsa akwai wurin da ya tsallake, kuma mu ya fi shafa. Duk alƙaluman Ruth da Gehrig an tara su ne a zamanin da aka hana baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyi, aka bar su suna buga gasarsu daban, saboda haka Ruth bai taɓa karawa da gwanayen jifansu a wasan gasa ba. Jackie Robinson ne ya buɗe ƙofar a 1947 tare da Brooklyn Dodgers, a cikin birni ɗaya da Yankees, amma su Yankees suka yi ta jan ƙafa har 1955 kafin su sa baƙin mutum na farko a fili, wato Elston Howard. Aikinsa cafke ƙwallo a tsugune bayan mai bugu, sai dai ya tarar da Yogi Berra a wurin, mutumin da ya ci kofi 10 yana ɗan wasa, don haka aka riƙa tura shi can bakin fili yana jiran lokacinsa shekaru da dama. Da ya samu wurin, a 1963 aka zaɓe shi gwarzon shekara na rukunin American League, baƙar fata na farko da ya samu wannan a rukunin. Ban ce ya fi Ruth bugu ba, amma idan Alhaji zai ba samarin Garwa labarin hular, bai kamata sunan Howard ya faɗi a hanya ba.

Ƙanenku na Ngaundere:

Iyayena, ina neman afuwa in sa baki. Tun da Baba ya kawo misalin Milla, wanda ya fi kama da shi shi ne Mariano Rivera, ɗan masunci daga ƙauyen Puerto Caimito a ƙasar Panama, wanda ya taso yana son ƙwallon ƙafa yana kuma aiki a jirgin kamun kifin mahaifinsa. Kun tuna a 1990 Milla daga benci yake tasowa, yana da shekara 38, ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya. Haka aikin Rivera yake: wasan zagaye tara ne, shi kuwa galibi sai a na ƙarshe ake kiransa, lokacin da ƙungiya take gaba da ƙyar, ya zo ya rufe wasa. Ya yi haka sau 652 tsakanin 1995 da 2013, kuma abin mamaki kusan da jifa iri ɗaya, wadda take tahowa kamar miƙaƙƙiya sai ta goce dab da mai bugu, har takan karya kulki. Kowa ya san abin da zai jefo, amma sanin bai hana su faɗuwa ba. A 2019 duk masu zaɓe 425 suka amince a sa shi a zauren gwanayen besbol, abin da ko Ruth bai samu ba, kuma abokin wasansa Derek Jeter, kyaftin mai lamba 2, ƙuri'a ɗaya ta hana shi irin wannan a shekarar da ta biyo.

Abin da zai amfani Baba a rumfa kuma shi ne, Yankees ba sa rubuta suna a bayan rigar wasa, lamba kawai ake sawa. An ba Ruth 3, Gehrig 4, bisa jerin shigarsu bugu, kuma yanzu daga 1 zuwa 9 duk an jingine su. Lamba 42 ta Robinson ce, an jingine ta a duk ƙungiyoyi a 1997, aka bar masu sanye da ita su ƙarasa, Rivera ne na ƙarshensu.

Mai Gwanjo, Garwa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na zazzage buhun riguna, na samu fara mai siraran layuka da lamba 42 babu suna, na cire ta daga tarin da nake sayarwa a kan kuɗi ɗaya, na rataye ta a sama. Akwai kuma wata mai 99, ita ta wane ne, Malam?

Tsohon Malami, Marwa:

Ta Aaron Judge ce, Alhaji, wanda ya buga hom ron 62 a 2022, ya wuce 61 ɗin da Roger Maris, shi ma ɗan Yankees, ya yi a 1961. Shi na zamanin nan ne, bai shiga sahun na da ba tukuna, don haka samarin da suke zuwa rumfarka sun fi ni saninsa.