Injin-sit na manyan motoci: abin da makanikan Apo suka ce

Makanikan da suka tattauna batun a Apo, Abuja, sun yarda cewa injin-sit (mazaunin da ke riƙe inji a jikin mota) na motoci irin Mercedes, BMW da Lexus ba roba zalla ba ne. Yawancinsu akwai ruwa a ciki mai shanye girgizar inji, shi ya sa suke da tsada. Galibi sukan yi shekara 5 zuwa 7, amma zafi da ramukan hanya na rage musu kwana. Babban makashinsu shi ne baƙin mai da ke ɗiga a kai, domin yana cinye robar. A toshe yoyon tukuna, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba.

Alamar lalacewarsu ta farko: sitiyari da kujera na rawa idan mota na tsaye a D (giyar tafiya gaba), musamman da esi a kunne. Sai ƙarar "kwam" wajen sauya giya. Don tabbatarwa, mutum ɗaya ya danne birki sosai, ya sa D sannan R (ribas), ya ɗan taɓa totur, wani na kallon injin daga gefe, ba daga gaba ba. Idan injin ya ɗaga da yawa, ko aka ga ruwan ya zubo, injin-sit ɗin ya mutu.

A canza hagu da dama tare, a duba na giyabos. Wajen ɗaga inji, a sa katako tsakanin jak da kaskon mai don kada ya lotsa. Ba a ƙarasa ɗaure noti sai injin ya zauna da nauyinsa.

Na Beljiyam kuwa, wato tsofaffin da ake shigowa da su daga waje, yawancin makanikan sun ce asarar kuɗi ne: robar ta riga ta tsufa tun a can.