'Ya'yan Ibrahim nawa ne? Abin da muka tsinta a tattaunawa

Tambayar da ta ɗauke mana hankali a zaman nazarin Littafi Mai Tsarki ita ce: me ya sa Farawa 22:2, inda Allah ya umarci Ibrahim ya miƙa ɗansa hadaya, ta kira Ishaku tilon ɗan Ibrahim, alhali Galatiyawa 4:22 ta ce 'ya'yansa biyu, Farawa 25 kuma ta ƙaro shida daga Ketura, wata matar da ya aura? Lissafi dai takwas ya ba da.

Shawarar da aka fi maimaitawa ita ce a bi labarin daki-daki. Ibrahim na da shekara 86 aka haifi Isma'ilu, yana da 100 aka haifi Ishaku. Kafin Farawa 22 an riga an sallami Hajaratu da ɗanta Isma'ilu, labarin Ketura kuwa sai bayan rasuwar Saratu. Ke nan a gidan, Ishaku kaɗai ya rage.

Wani dattijo ya ja hankalinmu kan kalmar "monogenes" ta Helenanci a Ibraniyawa 11:17, wadda ke iya nufin wanda babu irinsa. Ishaku ne ɗan alkawari, shi ne magaji, kamar yadda Farawa 25:5 ta nuna. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini a rai.

Bulus kuwa, wanda ya rubuta Galatiyawa, misali yake bugawa da baiwa (Hajaratu) da 'yantacciya (Saratu), ba ƙidayar gida yake yi ba.

An kuma ce idan maƙwabci Musulmi ya kawo zancen, tunda galibinsu sun tafi a kan Isma'ila aka nufa da yanka, a buɗe ayoyin a karanta tare cikin natsuwa, ban da gardama.