Rigimar kalmar "kyauta" a zauren 'yan Arewa mazauna Legas

Baban Yara, Agege: Jama'a a yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Cibiyar binciken lafiya ta NIMR tana nan Yaba a gabanmu, amma gwamnati ba ta ɗauki bincike a bakin komai ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Najeriya ba ta taɓa kaiwa ba. Niprisan, maganin sikila da masananmu na NIPRD, cibiyar binciken magunguna da ke Abuja, suka haɗa, ya yi shekaru babu shi a kasuwa. Sai a zo ana mana gori wai maganin tarin fuka kyauta ne.

Sista, Idi-Araba: Baba, da girmanka, kyauta ne. Wanda ya yi sati 2 yana tari ya je cibiyar DOTS, wato inda ake gwaji da ba da maganin wannan tari, ya ba da kaki. In an samu cutar, wata 6 ake sha. Wata 2 na farko magani 4 ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Wata 4 na ƙarshe rifamfisin da isoniyazid kaɗai. Nauyi ake bi, mai kilo 55 zuwa 70 ƙwaya 4 kullum, da safe kafin karin kumallo. Ana sake gwajin kaki a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6. Ba a biyan ko sisi.

Mai Kemis, Mile 12: Ko sisi? Hajiya a bar zancen nan. Hoton ƙirji fa? Gwajin hanta in idanu suka yi ɗorawa, wa ke biya? Ɗan dako da ya bar kasuwa ya shiga danfo zuwa karɓar magani ya yi asarar kuɗin mota da cinikin yini. Ga maganin da sa yunwa. Ƙwaya ce kyauta, jinya kuwa da kuɗi ake yinta.

Sista: Malam, ai na ce magani da gwajin kaki. Ban ce kuɗin danfo ba.

Ɗan Lab, Yaba: Shi ma gwajin akwai magana. Na'urar GeneXpert na ba da sakamako cikin kusan awa 2, har ta nuna ko ƙwayar cutar ta daina jin rifamfisin. Amma tana son wuta tsayayyiya da ɗaki mai sanyi, kuma kowane gwaji da katirijinsa guda, wato ɗan mazubin da ake zuba kakin a sa a na'urar, ba a maimaitawa. Wuta ta ɗauke a tsakiya babu inbata, katirij ya tashi a banza. Mutum ya kawo yawu maimakon kaki daga ƙirji, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Kuma mafi yawan kuɗin waɗannan kaya daga waje yake zuwa, musamman asusun Global Fund. To kyautar wa?

Alhaji, Obalende: Kyautar gwamnati mana! Wa ya gina asibitin, wa ke biyan albashin Sista? Ku dai 'yan adawa ko ruwan sama aka yi sai kun ce an makara. A 2022 aka sa hannu a dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, inshorar lafiya ta zama dole. Ga Ilera Eko, inshorar lafiya ta jiha, a nan Legas. Ku nawa kuka yi rajista?

Malamin Makaranta, Alaba Rago: Ranka ya daɗe, abin da aka yi da harajinka ba a kiransa kyauta, haƙƙi ne. Abin da baƙo ya biya maka kuma tallafi ne. Sannan tun daga sama an yi kuskure: fuka ita ce asma. Wannan tarin tibi ne.

Sista: Malam, gidajen rediyo duk tarin fuka suke cewa.

Malamin Makaranta: Rediyo ba ƙamus ba ne, 'yata.

Baban Yara: Ni fa maganar kuɗin bincike na kawo.

Ɗan Lab: Tunda Mai Kemis ke kukan talaka, a tambaye shi. Mai tari ya zo, a ba shi sifro ko lebofloksasin na kwana 5, tari ya lafa, cuta na nan, gwaji ya makara. Nan ake jawo tibi mai taurin kai, wanda ba ya jin magani. A da jinyarsa wata 18 zuwa sama ce da allurai masu kurmantarwa, sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan sha na wata 6 da ake kira BPaLM.

Mai Kemis: Ƙanena, ka iya bakinka. Mai taurin kai yana zuwa ne in an daina sha a wata na 2 don an ji sauƙi, ko mutum ya ga fitsarinsa ya koma ja ya tsorata. Aikin rifamfisin ne, ba jini ba, amma wa ya zaunar da shi ya yi masa bayani? Ko mata ana gaya musu yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa? Ko bitamin B6 saboda zugin ƙafa na isoniyazid?

Sista: Ana faɗa. Ku ne ba ku turo mutane da wuri.

Alhaji: Kun gani? Laifin 'yan kemis ne, an ɗora wa gwamnati.

Shugaban zaure: To, a tsaya nan. Abin da na fahimta: kowa ya yarda magani kyauta ne kamar yadda Hajiya Sista da Alhaji suka tabbatar, kuma gwamnati na bakin ƙoƙarinta. Matsalar tana wajen masu sayar da magani barkatai. Maganar fuka da tibi a kai ta zauren Hausa. Na rufe.

Mai Kemis: Yallabai, "kowa" ɗin nan har da ni?

Baban Yara: NIMR ɗin dai tana nan Yaba.