Haɗa lefe a Kano: Kwari zan nufa ko manyan kantunan nan na zamani?

Maman Nafisa (Maraɗi):

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa na lahiya. Dan Allah shawara nike nema wajen Kanawa da masu yawan zuwa sari. Ƙanena ne zai yi aure bayan babbar sallah in Allah ya kai mu, kuma ni aka ɗora ma haɗa lefen tunda ni ce babba mace a ɗakinmu. Akwati 4 muka yi niyya, atamfa da leshi da shadda da mayafai, takalma da jaka, kayan shafa da turare. Kowa na ce min in tafi Kano ya fi sauƙi, to amma ni rabona da Kano tun ina budurwa, kuma kwana 2 kawai zan yi. Wata maƙwabciyata ta ce kar in wahalar da kaina in shiga mol ɗin nan na Ado Bayero komi da farashinshi a jiki babu mai cuta ta, wata kuma ta ce in ban shiga Kwari ba to ban yi sayayya ba. Sannan sefa ce a hannuna. Ta ina zan fara?

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Maganar kayan sawa kam Kantin Kwari ce, wannan ba a ma yin musu a kai, ai mutanenku na Maraɗi da Damagaram da na Chadi da Kamaru kullum suna cikinta suna sari, duk atamfar da za ki gani an jera a shagon gilashi a cikin gari yawancinta daga nan aka ɗauko aka ɗora riba da kuɗin haya da na janareto. Kuma kin yi sa'a, 'yan canji na Wapa a nan Fagge suke, tafiyar ƙafa ce zuwa Kwari, sai ki fara canjin kafin ki shiga. Amma ki tambayi farashi wajen mutum 2 ko 3 tukunna, ki ƙirga kuɗinki a cikin shago kina zaune, ba a bakin titi ba.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne 'yan kayi-nayi. Da kin sako ƙafa za su tare ki, Hajiya me ake nema, atamfa ce ko leshi, zo ga shagonmu nan. Da yawansu ba su da shago, zai zaunar da ke a benci ya ruga ya karɓo kayan a wajen mai shi ya ɗora nasa a kai. Ni ban ce sana'ar banza ba ce, da ita samari da yawa suke ci da iyayensu kuma akwai masu amana sosai a cikinsu, amma wanda ya zo sayen turmi 20 ko 30 bai kamata ya biya ribar hannu biyu a kowane turmi ba. Ki shiga cikin gidajen, ki hau bene in ta kama, ki nemi dila mai sayar da sari ki ce masa lefe kike haɗawa, farashin da zai ba ki daban ne da na mai sayen turmi ɗaya.

Aunty Bilki:

Maman Nafisa sannu da ƙoƙari, ni na haɗa lefe sau 3 na ƙannena da ɗan yayata, bari in gaya miki abin da ya same ni a na farkon don kar ya same ki. Na ga wata atamfa ruwan goro mai zanen ganye ta yi min kyau sosai, yaron ya rantse min babba ce, ya ce 38,000 na taya 25,000 ya ce albarka, muka yi ta ja har ya sallama a 30,000 ina ta murna na yi ciniki. Aka kai lefe, amarya ta ɗinka, wankin farko ruwan bokitin ya koma ja wur kamar an yanka kaza, zanin kuma ya yi laushi ya koɗe. Wlh kunyar da na ji ranar da uwar yarinyar ta faɗa min cikin raha har yau ban manta ba, don lefe mutuncin gida ne, mata za su zauna su ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya suna dubawa.

Tun daga nan na koyi duba zani. Ki sa a buɗe miki turmin, kar ki yarda da kallon ta cikin leda. Ki juya bayansa, mai kyau ciki da waje kusan ɗaya suke, ƙaramar kuwa bayanta fari-fari ne. Ki duba rubutun bakin zanin ki gani ko lambar ta yi daidai da ta takardar da aka manna. Ki murza a hannu, in kika ji santsi da ƙyalli irin na roba to roba-roba ce, zafi gare ta ga mutanen da ke fama da rana irin ta Maraɗi. Ni har farin hankici nake tafiya da shi, in ɗan jiƙa da ruwan leda in goga a gefe, in zai zuba nan take za ki ga launi ya hau. Kuma turmi yadi 6 ne, leshi yawanci yadi 5, shadda kuwa ki tsaya a auna a gabanki.

Ba laifi ba ne a sa ƙananan atamfofi a lefe, kowa yana sawa na zaman gida da shiga kicin, abin da ba a so shi ne ki biya kuɗin babba a ba ki ƙarama.

Akwatuna da takalma da jakunkuna ki leƙa Sabon Gari, amma kar ki bari sai Lahadi don shaguna da yawa a rufe suke ranar. Abaya da dogayen riguna kuma ni kasuwar Hajj Camp nake zuwa.

Abu Khalil:

Ni dai zan ɗan saɓa da masu cewa a bar mol gaba ɗaya. Gaskiya ne ba wurin haɗa lefe ba ne, kuma Hajiya ki sani labarin da maƙwabciyarki ta ba ki ya ɗan kwana biyu, Ado Bayero Mall da ke Zoo Road an buɗe shi a 2014 kuma Shoprite ce ke jan jama'a, to ita ta rufe reshenta na can tun Janairun 2024, sauran shaguna ne suka rage. Amma akwai kayan da ni ba na saya a tsakiyar kasuwa, wato man shafawa da turaren kwalba da sabulai da hoda. Jabunsu ya yi yawa, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, kuma wanda ya sha rana a kan tebur wata da watanni ko na gaske ne ya lalace. Waɗannan gara ki shiga babban kanti irin su Sahad ko Jifatu, ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a natse babu mai tsaye a kanki, a ba ki rasit. Za ki ƙara ɗan wani abu a kai amma fatar yarinya ce za ta shafa. Ga sanyi ga wurin zama, bayan kin sha turereniyar Kwari za ki gode Allah.

Baba Na Jakara:

'Yata, duk sun faɗa miki gaskiya, amma ba wanda ya ambaci Kurmi, abin ya ɗan sosa min rai. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take a ƙarni na 15, fatake daga Agadas da Ghat da Borno nan suke sauke kaya, kakanninki ma ta nan suka bi. Shi kansa lefen da kuke faɗa ai sunan kwando ne da ake saƙawa da kaba, a ciki ake zuba kayan amarya kafin a zo zamanin fantimoti da akwati mai taya. In kina son turaren wuta da kwalli da jigida da takalmin fata da faifai mai ado wanda za a rufe kayan da shi, ki shigo ko na awa ɗaya ne. Lungunan ƙanana ne, mutum biyu da ƙyar suke giftawa, ƙamshin fata da na kayan yaji zai tare ki tun daga baki. Ki zo da safe, ki yi sallama ki gaisa da mai rumfa kafin ki tambayi kuɗi, mu nan da gaisuwa ake fara ciniki.

Maman Nafisa (Maraɗi):

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Aunty Bilki hankicin nan yau zan sa shi cikin jaka. Baba in sha Allah zan shigo Kurmi, dama tsohuwarmu ta ce lalle a sa faifai da turaren wuta. Yanzu na tsara ranar farko Wapa da Kwari, ta biyu Kurmi da safe sai Sabon Gari da kantin kayan shafa. Saura abu guda, in na canza kuɗɗin in riƙe su a hannu ko yaya? Kuma kayan wa zai fitar min da su zuwa masauki, a Kurna zan sauka gidan ƙanwar mijina.

Ɗan Fagge:

Hajiya kar ki yi yawo da tsabar kuɗi mai yawa a cunkoson nan. Tunda kina da 'yar uwa a Kurna ki taho da ita ko ɗanta, a tura nairar asusunsu, kusan kowane shago yanzu yana karɓar taransifa ko POS, sai ki riƙe 'yan kuɗi kaɗan na dako da adaidaita sahu da ruwan sha. Duk shagon da kika yi sayayya ki karɓi rasit ki bar kayan a wajen dila ɗaya da kika yarda da shi, in kin gama a haɗa a ɗaure a buhu a rubuta sunanki, shi zai kira miki ɗan dakon da ya sani ya kai bakin titi, ku yi tsada da mai adaidaita kafin a loda. Ki shiga wajen ƙarfe 10 na safe ki fito kafin la'asar don bayan nan hanyar Kurna cushewa take. Kuma ki duba kalanda, in tafiyar ta faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ba a zirga-zirga sai ƙarfe 10. Wace rana kike sa ran tasowa?