Wai duk maus ɗin da ya haura giram 65 asarar kuɗi ne?

Sadiq: Jama'a, maus marar waya nake nema, wasannin harbi na Valorant da Counter-Strike 2 nake bugawa a kwamfuta. Wani ya ce min duk wanda ya haura giram 65 asarar kuɗi ne. Haka ne?

Nura: Gaskiya ya faɗa maka. Tun da Logitech ta fitar da G Pro X Superlight a 2020, mai giram 63, kamfanoni suke rige-rigen rage nauyi. Viper V2 Pro na Razer giram 58 ne, V3 Pro na 2024 kuma 54. Ba kwalliya ba ce. Ƙwararru kan sauke DPI, wato ma'aunin nisan da kibiyar allo ke tafiya in ka motsa maus, zuwa 400 ko 800 don saiti ya zauna, sai ka ga da dantse gaba ɗaya suke jan maus, su ɗaga su dawo da shi tsakiyar shimfiɗa, su sake ja. Yi haka awa uku da abu mai nauyi ka ji yadda wuyan hannunka zai yi.

Mubarak: Haba Yaya Nura. G502 Lightspeed nake riƙe da shi, giram 114, har da ƙananan ƙarafa da ake saka masa a ciki idan kana son ƙarin nauyi. Maɓallai 11 gare shi, kowanne na ba shi aikinsa a G Hub, manhajar Logitech. Superlight ɗinka biyar kacal. Ka biya kuɗi da yawa a rage maka kaya?

Nura: Wane wasa kake bugawa da maɓallai 11?

Mubarak: Dota 2 da GTA.

Nura: To ka gani. Shi harbi ya tambaya. A Valorant maɓallai biyu na gefe sun ishe shi.

Ummi: Duk kun tsaya kan sikeli kun manta da hannu. Sadiq, yaya kake riƙe maus? Akwai mai kifa tafinsa gaba ɗaya, akwai mai lanƙwasa yatsu, akwai mai riƙo da kan yatsu kawai. Mai babban tafi idan ya ɗauki ƙaramin maus don kawai bai da nauyi, ƙaramin yatsansa zai riƙa jan ƙasa, ya yi ta matse gefe har hannu ya sage. Ni na gwammace giram 80 da ya cika min hannu a kan 55 da nake damƙa da ƙarfi.

Oga Bash: Ƙanwata ta faɗi magana. Ni kuma ta ɓangaren gyara zan zo. Masu huje-hujen nan irin Glorious Model O, da aka ɓula bayansu don rage nauyi, ku tuna da hunturu. Ƙura da zufa ta ramukan suke shiga. Sannan batun wuta: G305 na Logitech batirin AA ɗaya yake ci, kamfanin ya ce yana kai awa 250. In ya mutu ka sauya, babu jiran NEPA. Giram 99 ne, amma batirin lithium yana rage masa nauyi.

Nura: Oga, 99 fa! Ai ka mayar da shi baya.

Oga Bash: Kuɗin Superlight ɗaya zai sayi G305 fiye da biyu. Kuma Sadiq, ko wanne ka ɗauka, ka tabbata yana da ɗan abin nan da ake soka wa a USB, mai 2.4GHz. Shi ke aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa. Bluetooth bai kai nan ba, a harbi za ka ji jinkirin.

Mubarak: Masu tallan 8000Hz fa, wato saƙo sau 8000 a daƙiƙa?

Nura: Wannan kam na bar muku. Batiri yake sha, yana kuma ƙara wa kwamfuta aiki. In allonka 60Hz ne, wato sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, ba abin da za ka gani.

Sadiq: Tafina nake kifawa gaba ɗaya, kuma allona 60Hz ne. Yaya Nura, in zo gobe in gwada naka a hannu kafin in biya?

Nura: Zo bayan La'asar. Mubarak, kai ma kawo tubalinka ya gwada.