Muhawara: Hancin kare yana kashe labarin bincike?

Malam Habu: Ni dai ga matsayata. Littafin zane na bincike, jarumai dabbobi sanye da kwat, a Landan ta zamanin injin tururi: in ka mai da ɗan sandan ciki kare, ka kashe labarin. Ya shinshina gawa a shafi na 3, ya cafke makashi a shafi na 5. Me ya rage?

Binta: Malam, ka manta garin da kake magana a kai. Kowane murhu kwal yake ci, hazo cike da warin farar wuta, ga kashin dawaki a titi, ga dubban ƙafafu sun tattake sawun kafin gari ya waye. A 1858 warin kogin Thames ya kai sai da aka jiƙa labulen majalisa da sinadari. Ko a zahiri, a 1888 kwamishinan 'yan sanda Charles Warren ya gwada karnukan bin sawu biyu a filin shaƙatawa na Hyde Park, amma ba a taɓa sa su kan sawun Jack the Ripper, makashin da ya addabi unguwar Whitechapel, ba.

Malam Habu: To mai karatu fa? Takarda ba ta wari. Jarumi ya san abin da ni ban gani ba, wannan ha'inci ne.

Sule: Anan kana da gaskiya, Malam, sai dai da magani. A ba warin kowane wanda ake zargi launinsa, a zana shi kamar siririn zare mai ratsa akwatunan zanen da ke shafi. Kada ya wuce launi uku. Shuɗi da shunayya kan rikiɗe su zama ɗaya a wajen bugu, musamman kan shafi mai launin ruwan ƙasa da irin waɗannan littattafai ke so, shi ke nan hujja ta ɓace.

Kuma injin ma shaida ne. Tukunyar motar tururi in ta huce tana bukatar kusan minti ashirin kafin ta tashi. Wanda ya rantse bai fita ba, a taɓa tukunyarsa, a duba ɗigon ruwa a ƙarƙashi.

Binta: Ƙara da sawu, Yaya Sule. Na kare yana nuna farce, na kyanwa ba ya nunawa, don tana janye nata.

Malam Habu: Ai takalmi suke sawa, Binta.

Binta: Sai mai zane ya yanke hukunci tun shafin farko. In ya sa musu takalmi, ya koma kan gashin da ya maƙale a ƙyaure.