Ƙanena ya faɗi bayan gudu, wai ruwa ne ya yi masa yawa

Yayar ɗan gudu (Tahoua): Salamu alaikum 'yan uwa, ku ba ni shawara. Ƙanena ne, ni na riƙe shi tun rasuwar babanmu, da kuɗin ƙosai na yi masa lakwal har ya samu BEPC, dangin uba ko sabulu ba su taɓa aiko masa ba. Yanzu yana shirin gwajin shiga soja, kullum gudu. Da zafin nan na Afrilu nake cika masa buhu da piyawata, in ce kada ya jira ƙishi. Ranar Asabar ya dawo kai na sara, yatsu sun kumbura har zobe ya ƙi fita, ya yi amai, yana kirana da sunan mamarmu. Na ƙara masa ruwa, sai jijjiga. A asibiti aka ce gishirin jininsa ya sauka zuwa 124. An sallame shi, yana son komawa gudu. In bar shi?

Tsohon ɗan kokowa: Ƙanwata, rana ce ta buge shi, ba wani abu ba. Mun yi kokowa cikin rairayi mai ƙuna muna shan ruwa da ƙwarya, wa ya mutu? Jiƙa masa kanwa da gishiri, gobe ya fita.

Infirmiye (Yamai): Baba, a yi haƙuri, wannan daban ne. Sodiyum, wato gishirin jini, na lafiyayye tsakanin 135 da 145 yake, 124 haɗari ne. Ƙoda ba ta fitar da fiye da kusan lita ɗaya a awa, lokacin gudu ma jiki riƙe ruwa yake. Ruwan ya tsinka jini, ya shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura, shi ne ruɗewar da jijjigar. A gudun Boston na Amurka a 2002, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka auna gishirin jininsu ya sauka ƙasa da kima. Yaya, leda nawa ya sha? Yana shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofène? Suna ƙara haɗarin.

Maman 'yan biyu: Ni dai asibitin nan! An taɓa ɗaura wa mijina serom uku, kuɗi suka ƙare, ba wanda ya ce mana ga ciwonsa.

Yayar ɗan gudu: Ban ƙirga ba. Amma bara zafi ya kashe maƙwabcinmu a gonar albasa, ina gani. Da na hana shi ruwa ya faɗi, me za ku ce?

Tsohon ɗan kokowa: Gaskiyarki. Yaran yanzu takarda kawai suka sani.

Infirmiye: Ba a ce a hana shi ba. Ya sha in ya ji ƙishi, ya ci abinci mai gishiri, ya yi gudun da asuba. A auna shi kafin da bayan gudu, in nauyi ya ƙaru ya sha fiye da kima. Kada ya koma sai likita ya sake auna jinin. In ya sake ruɗewa kuma, kada a ɗura masa komai, asibiti kai tsaye.

Tsohon ɗan kokowa: Wa ke da sikeli a ɗaki? Ki ba shi kanwar nan.

Yayar ɗan gudu: Analiz ɗin jinin kuɗi ne, gwajin sojan kuma ya matso. Ya ce gobe zai fita ko na yarda ko ban yarda ba. Ledar ruwan in ba shi ko in rage?